Motata na karkarwa a gudun 80, an ce sai an sauke giyabos

"Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Marwa, arewacin Kamaru. Bayan ƙaramar salla na sayi Hilux ta hannu, ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu, mai shan dizal, giyar hannu, mai jan taya huɗu. Albasa da hatsi nake ɗauka da ita tsakanin Marwa da Garwa. Da na kai gudun kilomita 70 sai ta fara karkarwa a ƙarƙashin kujera, har madubin ciki ya daina nuna abu sosai. Ta fi tsanani wajen 80, in na wuce 95 ta ɗan lafa. Sitiyari kuwa lafiya lau. Sannan in zan tashi ko na sa ribas, ina jin 'gau' daga ƙasa. Kwanan nan kuma ta ƙaro wani kuka daga baya, wanda ba ya fitowa sai na ɗaga ƙafa daga totur. Na yi balansin taya sau biyu, na sake tayoyin gaba, babu canji. Bakanike ɗaya ya ce a sauke giyabos, wani ya ce aksul ɗin baya za a sake gaba ɗaya. Wanda ya sayar mini ya ƙara mata sifirin biyu-biyu a baya. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a cikin wannan mota, ya tsare hanya.

Na ji daɗin yadda ka tsara tambayar, domin ka faɗi gudun da abin ke farawa, ka faɗi inda jikinka ke jin sa, ka kuma faɗi abin da ƙafarka take yi a lokacin. Yawancin masu kawo mini mota nan Garwa abin da suke cewa kawai shi ne "tana ƙara", sai mun fita titi tare kafin a san inda aka dosa. Kai kuwa abu uku ka lissafo: karkarwa a gudun 70 zuwa 95, bugun "gau" a wajen tashi da ribas, da kuka daga baya in ka saki totur. Kada ka ɗauka dole ciwo ɗaya ne ya haifi ukun. Tsohuwar motar kaya takan tara lalura biyu ko uku a lokaci guda, kowace da muryarta, kuma mai neman abu ɗaya da zai sake ya huta shi ne ya fi kashe kuɗi.

Ra'ayina tun farko shi ne kada ka yarda a sauke giyabos yanzu, kada kuma ka sayi aksul yanzu. Cikin abin da ka faɗa babu wanda ya nuna giyabos kai tsaye. Zargina ya fi ƙarfi a kan furofela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya, wanda mu a nan muka fi kira kardan, tare da kuros ɗinta, wato ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke mahaɗarta, da boris ɗin tsakiya. Kukan baya kuma ya yi kama da na boris ɗin finiyan, ƙaramin haƙorin da furofela ke juyawa a cikin tukunyar aksul. Sai dai gani ya kori ji: ban shiga motarka ba, ban sa hannu a ƙarƙashinta ba, saboda haka abin da zan ba ka shi ne hanyar da za ka bi ka tabbatar ko ka ƙaryata ni kafin kuɗi ya fita daga aljihunka.

Kowace ƙara tana da abin da take bi

A mota mai tafiya abubuwa uku ne ke juyi, kowanne da saurinsa: inji, furofela, da tayoyi. Duk karkarwa ko kuka daga ɗayansu suke fitowa, kuma suna bin saurin mai su. Tayar irin motarka tana cin ƙasa kusan mita biyu da rabi a juyi ɗaya, to a gudun kilomita 80 tana juyawa sau 9 zuwa 10 a sakan. Furofela kuma tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta yi juyi ɗaya, domin haƙoran cikin aksul suna rage saurin. Ke nan a wannan gudun tana yin juyi 35 zuwa 40 a sakan, sama da 2,000 a minti.

Jiki yana rarrabe waɗannan biyun sarai. Karkarwar taya jijjiga ce mai kauri: kana ganin sitiyari na kaɗawa, kujerar da babu kowa a kai tana rawa, kusan ka iya ƙirga bugunta. Karkarwar furofela siririya ce, mai sauri, ba ka ganin ta da ido sai ka ji ta a tafin ƙafa da ƙasan kujera, tana tafe da wani ƙugi a kunne, kuma ita ce ke dusashe hoton madubi. Da ka ce madubi ya daina nuna abu sosai alhali sitiyari yana zaune lafiya, nan hankalina ya bar tayoyin gaba. Kuɗin da ka kashe a kansu bai ɓata ba tunda taya abin buƙata ce, amma ba can ciwon yake ba.

Lafawar da take yi bayan 95 kuma kada ta ruɗe ka ka ce abin ƙarami ne. Shasi da jikin mota suna da wani saurin da suke amsa karkarwa da ƙarfi, in an wuce shi sai su daina amsawa, amma ƙarfen da ya lalace yana nan yana cin kansa, har ma fiye da da.

Gwajin titi

Ka samu wanda zai zauna a kujerar baya yana saurare, ka sauke kaya duka, ka nemi wurin da kwalta take da santsi, miƙaƙƙiya, babu gangara babu cunkoso. A hanyar Marwa zuwa Garwa ka fi ni sanin inda ya rage da kyau. A kan gargada ba a gane komai.

Ka kai mota gudun 80 a giya ta biyar, ka ji karkarwar. Ka dawo giya ta huɗu, ka riƙe 80 ɗin dai. Juyin inji ya ƙaru amma gudun mota bai canja ba. In karkarwar tana nan yadda take, to ba inji take bi ba, ba kuloci ba ce, gudun mota take bi. Wannan gwajin yana da wani amfani na biyu da ya shafi maganar bakanikenka na farko. A giyabos mai giya biyar irin na motarka, giya ta huɗu kai-tsaye ce: ƙarfi yana shiga ya fita a miƙe, juyi ɗaya da ɗaya, ba ya bi ta haƙoran sandar ƙasa. Shi ya sa giyabos mai mataccen boris yakan yi kuka a ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta biyar, ya yi shiru ko ya rage sosai a ta huɗu. In naka kukan bai san bambancin huɗu da biyar ba, da wuya a ce cikin giyabos yake.

Bayan nan, kana kan 85 ko 90, ka taka kuloci ka sa ta a firi, ka bar ta tana gangarawa da kanta, inji yana aiki a hankali. Kada ka kashe inji ko kusa, domin birki da sitiyari duk da shi suke samun ƙarfi, kuma kada ka yi wannan gwajin a gangara irin ta dutsen Mbe ta hanyar Ngawundare. A firi an cire wa furofela nauyin ja, amma tana ci gaba da juyi. In karkarwar ta ragu sosai ko ta ɓace, sannan ta dawo da ka sa giya ka taka totur, to abin da ke aiki ƙarƙashin nauyi ne: kuros, ko kusurwar da furofela ke zaune a kai. In ba ta canja ba ko kaɗan, to rashin daidaiton nauyi ne, furofelar ta lanƙwashe ko ta yar da ɗan ƙarfen balansinta, ko kuma tayar baya ce.

Sai ka rage zuwa 50 ko 60, inda babu mota gaba da baya, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. Boris ɗin taya gurnani yake yi, kuma gurnanin yana ƙaruwa in nauyi ya koma kansa, ya ragu in ya bar shi. In ka karya hagu nauyi yana komawa dama, saboda haka ƙarar da ta ƙaru a nan galibi ta boris ɗin dama ce. Kukan da bai damu da sitiyari ba amma yana amsa totur, yana zuwa yana tafiya da ƙafarka, ba na boris ɗin taya ba ne.

Na ƙarshe a tsaye ake yin sa. Mota a firi, birkin hannu a ja, ka ɗaga inji sannu-sannu zuwa juyi 2,000 har 2,500. In karkarwar ta bayyana mota tana tsaye, to mun koma kan inji da robobin da yake zaune a kansu, duk maganar furofela ta faɗi. Ka taka kuloci ka saki kana saurare: ƙarar da ke fitowa sai an taka ta boris ɗin kuloci ce, wadda ke ɓacewa in an taka kuma ta sandar shiga giyabos ce. Ɗan kacau-kacau da injin dizal ke sa giyabos yi a firi ba ciwo ba ne.

Tayoyin baya ba zan daɗe a kansu ba, amma kada a tsallake su, don ka ce na gaba ka sake. A ɗaga kowace a juya ta da hannu, ana kallon bakinta daga gefe. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40 a nan Arewa, haɗe da lodi, yana raba wayar cikin taya da roba, ta yi ƙulu ko ta murɗe, kuma injin balansi ba ya gyara tayar da ta daina zama da'ira. A leƙa cikin wili ta baya ma. Wanda ya shiga gonakin karal da damina ya san yadda baƙar lakar nan ke maƙalewa ta bushe ta zama dutse. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke jikin taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 a shekarar 2016. In kana da shakka, ka mai da sababbin na gaba baya ka sake fita titi.

A ƙarƙashin mota

A kan rami ake wannan aikin, ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da weji gaba da bayan taya. Kada wani yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sannan dole a sa giya a firi a saki birkin hannu, domin in furofela tana ɗaure da nauyi, mataccen kuros ma zai yi tsam kamar lafiyayye. Da yawa a nan suke kuskure: su girgiza ta mota tana cikin giya, su fito su ce babu komai.

Hilux mai ƙofa huɗu furofelarta ta baya gaɓa biyu ce, da boris a tsakiya cikin zoben roba da aka ɗaure a jikin shasi. Kowane kuros yana da kofi huɗu, cikin kowane kofi akwai siraran allurai na ƙarfe da ke birgima cikin giris. Ka kama furofela da hannu ɗaya, ka kama kunnen da ke ɗaya gefen kuros da ɗaya hannun, ka murɗa su saɓanin juna, sannan ka tura sama da ƙasa. Kuros ba shi da izinin motsi ko na ƙwayar gero. In ka ji ɗan "ƙyas" a tafin hannunka, ya mutu, kuma wannan ɗan motsin shi ne ke zama "gau" in nauyin mota duka ya faɗa masa a wajen tashi ko ribas.

Akwai mutuwa ta biyu da girgizawa ba ta nunawa. Kuros ya bushe, allurai su yi tsatsa su cije, ya ƙage. Ba ya motsi ko kaɗan, sai mai dubawa ya ce garau yake, alhali shi ne ya fi kawo irin karkarwar da ka kwatanta. Alamarsa ita ce jan gari, laushi, a bakin robar kofi. Ka haska tocila ka shafa da yatsa. In yatsan ya fito ja, allurai sun niƙe. Wani lokaci yana yin tsiwa "ƙii-ƙii" in ana tafiya a hankali kusa da bango. Ba a tabbatar da shi sai an kwance furofela an lanƙwasa kowane kuros da hannu ta fuska biyu. Lafiyayye yana tafiya sumul, mai ciwo yana cijewa yana saki.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a sa fenti ko a ja layi da ƙusa a kowace mahaɗa: faifan baya da na aksul, faifan gaba da na taransifa (akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya), da wurin da gaɓoɓin biyu suka shiga juna. Ina nanata wannan saboda dalili. Kuros da ke aiki a karkace ba ya juyi da sauri ɗaya, yana ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane juyi. Maƙera motar sun jera kunnuwan kuros ɗin ta yadda na gaba in ya ƙara, na baya zai soke ƙarin, ƙarfi ya isa aksul a daidaice. An kuma yi wa furofelar balansi a masana'anta a haɗe, a wannan zaman. In aka zare gaɓa aka mayar da ita ta goce da haƙori biyu ko uku, sokewar ta tashi, mota ta kama karkarwa ko da komai nata sabo ne.

An taɓa kawo mini wata a-kori-kura daga wajen Gidar, mai ita ya riga ya sayi giyabos na hannu an ɗora masa a wani gareji, karkarwa ba ta fasa ba. Da na kwanta ƙarƙashinta na bi furofela da ido daga gaba zuwa baya, sai na ga kunnuwan gaɓar baya ba su kalli juna ba, ɗaya a tsaye, ɗaya a kishingiɗe. Na tambaye shi ko an taɓa sake boris ɗin tsakiya, ya ce an sake, kuma da ya yi tunani sai ya tuna bayan nan ne abin ya fara. Muka zare, muka goge dattin jikin ƙarfen har alamar masana'anta ta fito, muka mayar a kanta. Tsohon giyabos ɗinsa da ya bari a wancan gareji lafiyarsa ƙalau. Wannan ya sa nake tambayarka: ka bincika ko wanda ya sayar maka ya taɓa kwance furofelar, musamman lokacin da aka ƙara sifirin.

Boris ɗin tsakiya kuma a tura furofela sama da ƙasa a kusa da shi. Roba za ta ɗan ba da kai, wannan daidai ne, amma in ta tsage, ko ta zauna ƙasa, ko ƙarfe yana taɓa ƙarfe, ta gama aiki. Matacciyar robar tsakiya ta fi nuna kanta da rawa a wajen tashi da kaya, daga tsaye zuwa gudun 20 ko 30. A duba jikin bututun furofelar ko dutse ya loɓa shi, a duba ko akwai tabon walda inda ɗan faifan balansi ya ɓalle. Lanƙwasar da ta kusa milimita ɗaya ta isa ta girgiza mota, kuma ido ba ya ganin ta sai da agogon awo. Furofelar da aka yanke aka yi wa walda a bakin titi ba na amincewa da ita a motar da ke gudun 80 da kaya. A duba notocin faifai huɗu-huɗun nan, a duba robar da giyabos ke zaune a kai, a duba notocin da suka ɗaure sifirin da aksul. Kowanne cikinsu in ya saki yana ba da "gau".

In an duba duk wannan ba a gamsu ba, akwai gwajin da nake yi wa masu jan taya huɗu: a cire furofelar baya gaba ɗaya, a sa mota a 4H, wato jan taya huɗu, a ɗan taka ta da tayoyin gaba kawai, babu kaya, tafiya gajera. In karkarwar ta tafi, an kama mai laifi. In kukan baya yana nan, to daga aksul ko boris ɗin taya yake. Bakanike ne zai yi wannan, bayan ya tabbatar bakin taransifar mai faifai ne wanda mai ba zai zubo ba.

Ina roƙonka kada ka ɗaga wannan dubawar zuwa bayan kakar albasa. Kuros ɗin gaba in ya tsinke ana gudu, kan furofela yana faɗuwa ya caki kwalta, yana iya ɗaga bayan mota ko ya fasa tanki da bututun birki. In za a sake, a sayi mai kyau, mai ƙofar giris, a kuma riƙa ba shi giris duk lokacin juyen baƙin mai da duk bayan an ratsa ruwa, har sai sabon giris ya ɓullo ta kofuna huɗun. Gaɓar da ke zamewa ciki da waje kuwa kaɗan ake ba ta. In aka cika ta taf, ba ta samun wurin shiga, sai ta riƙa tura boris ɗin taransifa.

Maganar ƙarin sifirin

Na san dalilin da ya sa ake ƙarawa, kuma ba zan ce maka kowa ya daina ba, don na san hanyoyinmu da irin kayan da ake ɗauka. Amma ƙarin ganye biyu yana ɗaga bayan mota, aksul ya yi nisa da shasi, kusurwar furofela ta ƙaru. Kuros yana son ƙaramar kusurwa, wajen digiri 3 ko ƙasa, kuma ta gaba da ta baya su yi kusan daidai da juna. In ta wuce haka yana karkarwa, yana kuma mutuwa da wuri. Ga yadda za ka gane: in motar ta fi karkarwa ba kaya, ta lafa in ka yi lodi bayanta ya zauna, to kusurwa ce. Ana gyara ta da ɗan siririn weji na ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, ko a ɗan sauko da boris ɗin tsakiya, amma da awo ake yi, ba da ƙiyasi ba. Wayar hannu ma tana da manhajar awon kusurwa da ke wadatarwa.

Abin da ƙarin sifirin ba ya yi shi ne ƙara wa boris da haƙoran aksul ƙarfi. Motar nan kayanta duka, har da mutanen ciki, bai wuce wajen tan ɗaya ba. Buhu goma masu kilo 100 sun cika lissafin. Sifirin yana ɓoye lodi ne kawai, mota ta tsaya a miƙe, mai ita ya ga kamar ba ta ji ba, nauyin kuwa yana kan aksul.

Kukan baya

A cikin tukunyar aksul akwai ƙaramin haƙori, finiyan, da furofela ke juyawa, shi kuma yana juya babban, kurawun. Finiyan yana zaune kan boris biyu da aka matse da wani ƙayyadadden ƙarfi. In ka taka totur yana turuwa gefe ɗaya, in ka saki ya turu ɗaya gefen. Kukan da ke fitowa sai an ɗaga ƙafa yawanci yana nufin matsin nan ya saki, ko boris ɗin ya ci, finiyan yana gocewa daga mazauninsa. Kukan da ke fitowa in an taka totur ya fi nuna haƙoran kansu sun ci ko zamansu ya ɓaci.

Ka fara da mai. A buɗe notin cikawa tukuna kafin na juyewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. A sa yatsa: mai ya kamata ya kai bakin ramin. A tare shi a farin kwano mai tsabta. In ya fito fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Wannan ciwon muna ganin sa sosai bayan watan Agusta, a motocin da ke ratsa mayo, wato rafi: aksul ya yi zafi, ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta sil, robar da ke hana mai yoyo, ko ta 'yar hular numfashin da ke samansa, musamman in laka ta toshe ta. Notin juyewa yana da maganaɗisu. Baƙin laushi a kansa ba abin tsoro ba ne, amma in ka murza a yatsa ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi yana ƙyalli, ƙarfe yana ci a ciki. Man da za a zuba shi ne man aksul mai lamba GL-5, 80W-90 ko 85W-90. Ba man inji ba, ba kuma wanda ake aunawa daga jarkar da babu suna a jikinta ba. In aksul ɗinka mai LSD ne, wato irin da ke hana taya ɗaya yin ta juyi ita kaɗai a santsi, akwai man da aka yi domin sa, a duba rubutun jikin tukunyar.

Da furofela a cire, a kama faifan finiyan a girgiza sama da ƙasa, a ja waje a tura ciki. Murɗawa kaɗan hagu da dama dole ce, wannan tazarar haƙora ce, amma motsi sama da ƙasa ko ciki da waje babu shi a lafiyayyen aksul. In akwai, ka samu mai kukan, kuma shi ma yana iya ba da nasa kason na karkarwa da bugun. A duba ko bakin yana yoyo, ko kuma sil ɗin sabo ne fil a tsohuwar tukunya. Sabon sil yana sa ni tambaya, domin bayan babban notin finiyan akwai wani bututu da ke lanƙwashewa ya riƙe matsi, kuma mai sake sil in ya ɗaure notin da ƙarfin tsiya ko ya bar shi sako-sako, boris ba ya daɗewa. Saboda haka in wani ya ce bari ya ƙara ɗaure notin kukan zai tafi, kada ka yarda.

In an kama shi da wuri, haƙora ba su ci ba, gyaran shi ne boris biyu, sil, da sabon bututun matsi, ba aksul gaba ɗaya ba. A Hilux tukunyar tana zarowa ta gaba bayan an ja sandunan tayoyi, a kai ta kan tebur. Wurin da nake so ka yi taka-tsantsan shi ne wanda zai haɗa. Tazarar da ke tsakanin kurawun da finiyan a irin wannan aksul tana wajen milimita 0.13 zuwa 0.18, kuma da agogon awo ake saita ta, sannan a shafa wa haƙora launi a juya a ga inda suke taɓa juna. Ka tambayi bakaniken ya nuna maka agogon. In ya ce hannunsa ya saba, ka nemi wani, ko da sai ka kawo tukunyar Garwa ko ka kai ta Ngawundare. Ka sani kuma, haƙoran da suka riga suka ci ba sa daina kuka ko an sa musu sabon boris, sai dai kukan ya ragu.

In haƙoran sun tafi, a nan ne maganar bakanikenka na biyu za ta yi aiki, amma tukunyar kaɗai za ka saya, ta hannu mai kyau ta fi gyaran da ba a auna ba. Ka juya faifanta da hannu ka ji ko tana tafiya sumul, ka haska haƙoran ka ga babu ramuka ko karaya. Kuma tunda motarka mai jan huɗu ce, dole lissafin haƙoran baya ya zo ɗaya da na gaba. Hilux tana zuwa da iri-iri: akwai mai haƙora 41 a kurawun da 10 a finiyan, akwai 43 da 10, akwai 43 da 11, akwai 43 da 12, kuma a waje duk kamarsu ɗaya. In aka sa wadda ba ta dace ba, a 2H, wato jan tayoyin baya kaɗai, ba za ka lura da komai ba sai agogon gudu da ya ɗan saɓa, amma ranar da ka sa 4H a yashi ko laka, gaba da baya za su yi ta jan juna har taransifa ta ji a jikinta. Ka ƙirga haƙoran kurawun da na finiyan a tsohuwar tukunyarka, ka rubuta a takarda, ka ƙirga na wadda za a sayar maka a gaban mai shagon kafin ka biya.